Mutum Huɗu Kawai a Ɗakin Wanka

Ni na ɗauki wayar, don ni ce mai ɗaukar waya a gidan Goggo. Wani mutumin Maraɗi ne, mai aiki a masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kusa da Lyon. Ya gajarta gaisuwa, muryarsa na karyewa, ya ce Allah ya yi wa matarsa rasuwa a likita, wato asibiti, kuma yana son 'yan gida su yi mata wanka. A roƙi Hajiya, wato Goggo, ta taimaka ta zo. Na rubuta adireshin a bayan ambulan. Wata biyar ke nan da yin wannan.

Goggo yayar babana ce. Tana da shagon sarin atamfa da shadda a Aubervilliers, amma ba da shagon aka fi saninta ba. Ita ke yi wa matanmu wankan gawa, daga Montreuil har garuruwan da sai an hau jirgin ƙasa, ba ta karɓar ko sisi. Na sha ganin alhazai masu furfura sun miƙe tsaye don ta shigo ɗaki. Ni kuwa ta ɗauko ni daga Damagaram bayan na gama kolej, don in zama bakinta. Faransancinta bai wuce na ciniki ba. Ni ke magana da 'yan duwan, wato kwastan, da mai gidan haya, da likitoci. Shekara biyu duk inda ta sa ƙafa ina gefenta, tana cewa mutane, “Wannan ita ce harshena.” Sai wurin wanka kaɗai, nan a waje take bari na.

Sai aka kawo 'yar ƙanwarta, taubashiyata, sa'ata. Ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Ubanta malami ne a Tawa, a gabansa ta yi karatu har ta shiga littattafan fiƙihu. Ranar farko da ta ga matakala mai tafiya da kanta a metiro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ƙanƙame ni tana salati, na yi dariya har da hawaye. Ina ce mata baiwata 'yar allo, tana ce mini Madam Takarda. Wasa ne da muka gada, babu mai jin haushi. Haushin ya fara ranar da Goggo ta zauna tana murza wuyan hannunta da man zafi, ta ce ƙarfinta ya fara ƙarewa, za ta koya wa ɗayarmu aikin, wadda za ta riƙa riƙe mata jaka yanzu, ta gaje ta nan gaba. Ba ta faɗi wace ba.

Gaskiya ni tsoron gawa nake. Ko a gida idan aka wuce da makara, ɗaki nake shigewa. Amma da na dubi taubashiyata na ga yadda ta sunkuyar da kai kamar an riga an faɗi sunanta, sai na ji zan iya shiga kabari ma in dai ba ita za ta riga ni ba.

Washegari da sassafe muka tafi mu uku. Ni na sayi tike, ni na nemo mana wurin zama a jirgin ƙasan nan mai gudu da ke kai mutum Lyon cikin awa biyu. Kafin mu shiga na ji marata ta murɗa. Na leƙa bayi, na ga abin da na zata. Na ce wa Goggo zan sayo ruwa, na ruga farmasi. Ina fitowa da ƙunshin auduga na yi kiciɓis da taubashiyata, an aiko ta nemana. Ta dubi ledar, ta dube ni.

“Madam, baƙon wata ya zo ke nan?”

“Maganin ciwon kai ne. Ina ruwanki?”

Ta karɓi ledar ta tura cikin jakarta, don tawa ƙarama ce.

A likita mijin ya tarbe mu a ƙofar ƙasa, idanunsa jawur. Tare da shi akwai mata biyu da ba namu ba. Ɗaya tsohuwa ce gajera, mai faɗin fuska, da farin mayafi da haƙori ɗaya na zinariya. Ya ce maƙwabciyarsu ce, 'yar ƙabilar Uzbek daga arewacin Afganistan, yaƙi ya koro ta ita da ɗanta. Ita ta yi jinyar marigayiyar wata uku, tana dafa mata romo, alhali ba su da yare ɗaya. A garinsu ma wankan gawa ne aikinta. Ɗayar 'yar Indunusiya ce, siririya mai tabarau, tare da marigayiyar suke aikin guga a wani otal. Su biyun sun ce sai sun shiga, shi kuma ya ce ba shi da bakin hana su.

Ma'aikacin wurin, wani Bafaranshe mai farar riga, ya ce ɗakin ƙarami ne, mutum huɗu kawai doka ta yarda. Ni na fassara. Ina fassarawa ina lissafi: Goggo, tsohuwa, mai tabarau. Saura gurbi ɗaya.

“Goggo,” na ce da sauri, “in aka shiga wa zai gaya miki abin da suke cewa? Ita wannan ko bonjur ba ta iya ba.”

“Na iya mana,” in ji taubashiyata. “Bonjur, Madam.”

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo mini jakar. Tsohuwar jaka ce baƙa, da garin magarya a ciki, da kafur, da auduga, da almakashi, da ƙaramar ƙwarya da ta zo da ita tun daga gida. Ban taɓa riƙe ta ba sai ran nan. Na waiwaya don in ga fuskar taubashiyata. Ta riga ta zauna a benci ta fito da carbi.

A bakin ƙofa tsohuwar ta tare hanya. Ta bar Goggo ta wuce, don ta ga shekarunta. Ta dubi mai tabarau ta ce, “Haiz?” Mai tabarau ta girgiza kai. Sai ta juyo kaina, ta nuna marata da yatsa. “Haiz?”

Na ji ta sarai. Wace 'yar musulmi ce ba za ta ji ba? Haila take tambaya. A al'adarsu mai haila ba ta shiga wurin wanka, kuma ni ma na taso ina jin tsofaffi na faɗin haka. Na buɗe ido kamar wadda aka yi wa yaren aljanu, na ce da Faransanci ban gane ba. Mai tabarau ta matso don ta taimaka. “Haid,” ta ce a hankali, “haid.” Ta ƙara da kalmar Faransanci, don kada a bar ni cikin duhu. Goggo na ciki tana ɗaura zane. Taubashiyata na benci, taku uku daga inda nake, na san ta ji. Na ce a'a. Na faɗa da Faransanci, na faɗa da kai.

Abin da na gani a jikin baiwar Allahn nan ba zan rubuta ba. Goggo ta sha faɗa cewa idon mai wanka ba shi da baki, kuma wannan kaɗai na riƙe daga aikin. Zan dai faɗi ɗakin. Fararen tayil har sama, tebur na ƙarfe mai rami a ƙarshe inda ruwa ke zurara, fitila mai ƙara kamar ƙuda. Tana kwance an lulluɓe ta. Ƙafafunta ne kawai a waje, da sauran lalle a farce.

Na tsaya ina jiran a fara magana in fassara. Tsohuwar ba ta da Faransanci sai na gaisuwa. Ta kama gefen zanen ta ce, “Awrat.” Mai tabarau ta ce, “Aurat,” ta kama ɗaya gefen. Goggo ta ce, “Al'aura, ƙwarai,” suka ɗaga zanen daidai yadda hannu zai shiga ido bai gani ba. Tsohuwar ta ce, “Niyat.” Suka yi shiru su uku, leɓɓansu na motsi. Babu wadda ta dube ni. Goggo ta miƙo mini ƙwarya ta ce in riƙa zubawa inda ta nuna, dama kafin hagu.

Na zuba na farko. Na zuba na biyu. A na uku Goggo ta ɗago hannun marigayiyar don a yi mata alwala, hannun ya zame ya faɗo a kan wuyan hannuna. Sanyi ne da ban taɓa jin irinsa ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne ta sani. Su ukun ba su sani ba, amma ita ta sani, ta san da me na shigo mata, ta san ƙaryar da na yi a ƙofarta. Ƙwaryar ta suɓuce ta bugi teburin. Na ji ƙarar, na ga fitilar tana nisa.

Na farfaɗo a ƙasan baranda, kaina a cinyar tsohuwar. Tafinta jiƙe yake, ta ɗora shi a ƙirjina tana dannawa. “Nafas,” take cewa. “Nafas, nafas.” Tana jan iska da ƙarfi don in kwaikwaya. Na ja numfashi. Ta shafa goshina, ta miƙe, ta yafito taubashiyata. Ta yi mata tambayar nan. Taubashiyata ta amsa da kalma ɗaya ta Larabci, tsohuwar ta yi murmushi har haƙorin zinariyar ya fito, ta kama hannunta suka shige. Aka rufe ƙofa.

Kusan awa ɗaya na yi a bencin nan. Ƙofar ba ta da kauri, ina jin komai. Ina jin ruwa. Ina jin tsohuwar ta ce “badan,” mai tabarau ta ce “badan,” sai muryar taubashiyata tana ce wa Goggo, “Inna, jiki suke nufi, a juya ta gaba ɗaya.” Ina jin “wajah,” sai ta ce, “Fuska, Inna, a sake fuska.” Can na ji “kafan,” wannan ko ni na san likkafani ne. Aikina take yi. Aikin da na ce ba za ta iya ba, shi take yi, da kalmomin da ta haddace a zauren ubanta tana zaune a kan buzu, lokacin da ni nake haddace sunayen kogunan Faransa. Akwai lokacin da na ji ƙaramar dariya, irin wadda mata ke yi a ƙasa-ƙasa idan aiki ya yi kyau. Wallahi dariyar nan ta fi hannun gawar yi mini ciwo.

Da suka fito ita ke riƙe da jakar.

Maza suka tafi da gawa. Mu muka wuce gidan mamacin, hawa na bakwai a wani dogon bene, inda ta taga ake hango bututun masana'antu suna hayaƙi. Mata sun cika falo. Da aka tashi sallar azahar na shige kicin na kama wanke kofunan da an riga an wanke. Bayan an idar na fito da tiren shayi, na tarar su huɗu sun haɗa kai a kusurwa ɗaya, kamar waɗanda suka yi shekara goma tare.

Wasa suke yi, in za a kira shi wasa a gidan makoki. Tsohuwar ta dafa ƙirjinta ta ce, “Ƙalb.” Mai tabarau ta ce, “Kalbu.” Taubashiyata ta ce, “Ƙalbu, zuciya,” ta jawo wani hadisi da kalmar ke ciki, tsohuwar ta ƙarasa mata shi. Ta taɓa kai: aƙl, akal, mu kuma hankali. Ruh, roh, ruhi. Jasad, duka biyun suka faɗa tare. Mai tabarau ta dafa mararta ta ce “rahim,” ta nuna hoton marigayiyar da ke bango, idonta ya kawo ruwa. Nan taubashiyata ta ce wa Goggo mahaifa take nufi, can ciwon ya kama ta. A fuska ne suka rabu. Mai tabarau ta ce wajah, tsohuwar ta ce a'a, su “yuz” suke cewa, ta ja kumatunta tana nanatawa, har matan falo suka yi murmushi.

Na ajiye tire na kutsa. Na tambayi mai tabarau da Faransanci yadda aka yi yarensu ya cika da Larabci haka. Ta ce ita mutuniyar Sumatra ce, yaren gidansu Malay ne, na makaranta kuma Indunusiyanci, kusan abu ɗaya ne. Hannu da ƙafa da ido suna da sunayensu na kansu. Amma abin da ake koya wa yarinya a wurin malama, na tsarki da haila da nifasi da ciki da mutuwa, da Larabci ya zo musu. Ta ce 'yan Maleziya na cewa sihat, su suna cewa sehat, lafiya ke nan. Tsohuwar ta ji kalmar ta ɗaga hannu, “Sihat, sihat,” ta nuna ni, tana tambaya ko na warware.

Na juya don in fassara wa Goggo duk wannan, da kyau, yadda na saba. Goggo ta ce, “Na gane. Ƙanwarki ta riga ta faɗa mini.” Ba ƙanwata ba ce. Wata biyu ne tsakaninmu.

Da za mu tafi tsohuwar ta ciro wani ɗan ƙyalle mai ɗinkin jan zare daga aljihunta ta ba taubashiyata, ta sumbaci goshinta. Ni ta dafa ƙirjina, ta karkaɗa yatsunta kamar fiffiken tsuntsu, ta ce “ƙalb,” ta yi dariya mai taushi. Tausayina take ji. Ta ɗauka tsoro ne kawai.

A jirgin komawa da la'asar na kasa zama. Abu ɗaya ke yawo a kaina: an binne baiwar Allah da wankan da na ɓata. Ruwa uku na zuba mata da hannuna. In wankan bai yi ba fa? Wa zai tono ta? Muna wuce wasu gonaki masu shanu farare na ji in ban faɗa ba zan sake faɗuwa.

“Goggo, ina da magana.”

Na faɗa duka, har da farmasi. Goggo ta saurare ni har ƙarshe. Ta juya wajen taubashiyata.

“Ke malama, me littafi ya ce?”

“Wanka ya yi, Inna. A littattafan Baba ba a hana mai haila ba. Al'adar su tsohuwa ce, da ta wasu tsofaffinmu.”

“Kin tabbata?”

“Na karanta shi a gabansa sau biyu.”

Na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata, wani ya hau. Na ce, “To da kika sani, me ya hana ki faɗa tun a ƙofa?”

“In faɗi me, Madam? In ce kina yi, in tona ki gaban baƙi? Ko in ce ba komai, in yi gardama da tsohuwa a kan gawa? Ke aka tambaya.”

“Kin so in faɗi ne ki shiga.”

“Ni na ture ki?”

“Ya isa,” in ji Goggo. Ta gyara mayafinta, ta dubi taubashiyata. “Ke ma kin san da maganar, kika yi shiru?”

“Na sani, Inna. Ba sirrina ba ne.”

Goggo ta gyaɗa kai a hankali, kuma na ga amsar ta yi mata daɗi. Wannan gyaɗa kan har yau ina ganinsa. Sannan ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

“Faɗuwa ba komai ba ce. Ni ma ranar farko amai na yi a bayan ɗaki. Da kin ce wa tsohuwa e, da kin zauna a benci yau, gobe in shiga da ke wani wurin. Amma matar nan ta yi jinya wata uku, ta tambaye ki abu ɗaya a ƙofar gawarta, da kalmar da kika sani, kika ce ba ki gane ba. Ni da ke nake jin abin da mutane ke faɗa. Yanzu in kin ce mini ba ki gane ba, yaya zan yi?”

Taubashiyata ta buɗe jakarta ta miƙo mini ledar farmasi ta ƙarƙashin mayafi, yadda Goggo ba za ta gani ba, ko da yake babu sauran abin ɓoyewa. Na karɓa ban ce na gode ba. Na so a ce ta yi mini dariya, ko ta ce Madam ta sha ƙasa, in sami abin riƙewa. Ba ta yi ba. Har kirkinta kishinsa nake.

Goggo ba ta kore ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Ina nan a shago, ina zuwa duwan, ina cika takardu. Sai dai yanzu in na fassara mata magana mai nauyi, takan dubi fuskar mai maganar kafin ta amsa. Da ba ta yin haka.

Tun daga Lyon an yi wanka huɗu. Sau biyu mai tabarau ta bugo waya, ba don rasuwa ba, don gaisuwa. Ni ke ɗauka, mu gaisa da Faransanci, sai ta ce in ba ta ƙawarta. In miƙa, in koma gefe ina jin su. Ba su da jimla ko ɗaya da suka haɗa, sai sehat, alhamdulillahi, badan, da dariya, amma sai su yi minti goma. Ta ce tsohuwar na gaishe ta. Ni ma, wai, tana tambayar yaya ƙalb ɗina.

Na sayi ƙaramin kaye, littafin rubutu, na rubuta kalmomin da na tsinta a ranar, layi uku, na tsohuwa da na mai tabarau da namu. Sun haura goma. Na haddace su tsaf, na fi taubashiyata iya jera su. Wani dare na nuna mata, ta duba rubutun bokon da ba ta iya karantawa, ta ce, “Ya yi kyau, Madam. In kina so in koya miki babin wanka, ba wuya.” Na ce ba na so. Ina so. Amma ba daga bakinta ba, kuma ban san ko ƙafata za ta sake yarda ta tsallaka irin ƙofar nan ba.

Makon jiya aka yi rasuwa a Montreuil. Na raka su har bakin metiro don in nuna musu inda za su canza layi, duk da taubashiyata ta ce ta san hanya yanzu. Goggo ta ce in koma in buɗe shago, akwai masu zuwa ɗaukar shadda ƙarfe goma. Na tsaya a saman matakala ina kallon su suna sauka, tana riƙe da gwiwar hannun Goggo, tana gaya mata wani abu a kunne. Sai da suka ɓace na tuna ban ba su tike ba. Na sauka da gudu, na tarar ta riga ta saya da kanta.